Mahaɗan Teburin Yaya

A ofishin gyaran famfunan ruwa na Baba, duk mai son tarihin wani famfo sai ya bi ta teburin Yaya. Shi ne babban ɗa, shi ya zuba komai a kwamfuta. Kowane famfo da fayil ɗinsa, rubutu zalla, babu ado. A cikin fayil akwai mahaɗi, ka latsa ya kai ka fayil ɗin mai famfon, ko na kayan da aka taɓa canja masa. Fayilolin suna folda ɗaya da kowa ke gani, amma mahaɗan ba sa buɗewa sai a wurin Yaya, don ya rubuta su da doguwar hanya mai farawa da sunan kwamfutarsa. Wani ya latsa a tasa, sai ta ce ba ta san zancen ba.

Kada ka ce Yaya bai san dalili ba. Ya sani sarai! Amma wa zai ƙi a riƙa tsayawa a kansa ana "Yaya, don Allah duba mana"? Baba kansa yakan taso daga kujerarsa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "In ba kai ba, da mun shiga uku." Wannan dafawar ce abincin Yaya.

Sai Auta, ƙanwarsa, ta gama karatu aka ba ta tebur kusa da taga. Ba ta daɗe ba ta leƙo.

"Yaya, me ya sa mahaɗan nan ba sa buɗe mini?"

"Kwamfutarki ce ba ta da tarbiyya, kamar mai ita."

Ta yi dariya ta koma. Ashe yarinyar ba ta haƙura ba. Ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ta sa wa kowanne lambar da ba ta canjawa a layin farko, ta mayar da mahaɗan suna neman lamba maimakon hanya. Ran da ta gama, Baba ya latsa daga teburinsa, fayil ya buɗe. Ya sake latsawa, ya sake buɗewa, har ya cire tabarau.

"Kai, Auta! Allah ya yi miki albarka. Ashe abin ba wuya."

Ba wuya! Maganar nan ta yi wa Yaya ciwo. Shi ya haɗa bayanan tun Auta tana kukan alawa, yau kuma an ce ba wuya. Makanikai suka daina zagayowa ta wurinsa, sai dai su gaishe shi daga ƙofa. Baba ya daina tasowa. Yaya yana son ƙanwarsa, wallahi yana sonta, amma in ya ji an kira sunanta sai ya ɓata fuska. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ya san kishi ne.

Wata rana da kowa ya fita cin abincin rana, ya ce bari ya nuna musu. Ya canja wa fayiloli suna, ya buɗe sababbin folda, ya watsa famfunan ciki unguwa-unguwa. A tsohon tsarinsa, da ko mahaɗi ɗaya bai tsira ba. Ya gyara zama yana jiran a fara ihun "Yaya!"

Aka dawo. Ya kasa kunne. Babu abin da yake ji sai ƙarar latsawa da hirar makanikai. Mahaɗan ba ruwansu da suna ko folda, lamba suke bi, suna ta buɗewa abinsu.

Can sai ga Baba ya taso. Yaya har ya ɗan karkato da kafaɗa. Baba ya wuce shi, ya tsaya a teburin taga.

"Auta, wannan jerin unguwa-unguwa da kika yi ya yi kyau ƙwarai. Yanzu makanike zai san inda zai nufa tun daga nan."

Auta ta duba allonta, ta ɗago ta dubi Yaya. Ta gane komai, ya ga hakan a idonta. Ba ta tona shi ba.

"Ba ni ba ce, Baba. Aikin Yaya ne."

Baba ya waiwayo da mamaki na gaskiya, ba da wasa ba.

"Yaya? Au, ashe har yanzu kana taɓa su?"