Jan Farce a Kan Noti

Kanta na cikin injin har kafaɗa lokacin da wayar ta sake ruri a aljihun rigar aikinta. Ba ta ɗauka ba. Ta san mai motocin ne, ta kuma san abin da zai ce, tunda da safe ya riga ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: idan motar nan ta ƙara dawowa da yoyon dizal, zai kwashe manyan motocinsa bakwai ya kai wani garejin.

Garejin na mahaifinta ne. Shekara biyu ke nan da idonsa ya yi rauni ya miƙa mata makullai, ya koma kan benci a gindin bango yana duba aiki da hanci da kunne. Kowa Injiniya yake ce mata, wasu da girmamawa, wasu da wani guntun murmushi da ta tsana. Motocin nan bakwai su ne suka rufe bakin masu murmushin.

"Uwata, kin ga wurin?" in ji Baba daga kan benci.

"Ko'ina a jiƙe yake, Baba. Ka san dizal, ba ya ɗiga a inda ya fito sai ya gama yawonsa."

Direban na tsaye a gefe, hannuwa a baya kamar ɗalibin da ya makara. Sannu-Sannu ake ce masa, don ko mai keke yana iya wuce shi a hanya, kuma bai taɓa gogar motar kowa ba. Zuwansa na uku ke nan cikin wata guda. A karon farko tiyon da ke mayar da mai cikin tanki ne ya tsage, ta canza shi. A karo na biyu notin da ke saman filta ta samu ya saki, ta sa masa sabuwar washa, ɗan zoben da ke hana yoyo, ta ɗaure. Yau kuma ga shi nan. Ta lura, ba da son ranta ba, cewa rigarsa ta sha guga, ƙamshin turarensa kuma na neman danne warin man.

"Malam direba, yaushe ka fara jin warin?"

"Tun can... tun nesa, ranki ya daɗe."

"Nesa ina?"

Ya nuna wani wuri da hannu, tsakanin gabas da sama.

Baba ya shaƙi iska ya ce, "Man nan ɗanye ne. Bai sha zafin inji ba."

Ta dangwala yatsa ta duba. Gaskiyar Baba ce. Yoyon da ya yi doguwar tafiya yakan kwashi ƙurar hanya ya zama baƙin kwaɓi, wannan kuwa garau yake kamar yanzu aka zuba shi daga jarka. Ta ɗauko bokiti da omo da buroshi ta wanke gefen injin tas, ta busar da shi da iska har ƙarfen ya yi fes. Sannan ta shiga ɗan ofishinsu ta fito da jakarta, ta zaro gwangwanin hoda.

Sannu-Sannu ya zaro ido. "Kwalliya za a yi mata?"

"Ai ta fi wasu buƙata. Matsa."

Ta barbaɗa hodar a kan filta da bututai da famfon mai, har injin ya yi fari kamar jaririn da aka gama yi wa wanka. Ƙamshin fure ya cika garejin. Baba ya yi atishawa ya ce a zamaninsu alli suke dakawa, amma ba laifi, zamani ya ci gaba.

"Tayar da ita," ta ce.

Ya hau ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ta tsuguna ta zuba wa farin ido, zuciyarta na bugawa tare da shi. Ta tuna hannun Baba a kan nata tun tana 'yar shekara tara, yana koya mata inda ake tsayawa da ɗauri kafin noti ya yi fushi. In har laifin hannunta ne, da wane ido za ta dubi bencin nan?

Can sai wani siririn layi mai duhu ya bayyana a cikin hodar, yana gangarowa a hankali kamar hawaye a fuskar da ta sha kwalliya. Ta bi shi da yatsa zuwa sama, ta wuce bututu, ta wuce gindin filta, har ta isa mafarinsa. Notin nan ne dai na saman filta, wanda ta ɗaure da hannunta kwana tara da suka wuce.

Ta goge notin da tsumma, ta kara fuska kusa.

Tana da wata ɗabi'a da babu wanda ya sani sai Baba. Duk notin da ta gama ɗaurewa, sai ta ja masa ɗan layi da jan farce, rabi a kansa rabi a jikin ƙarfen da ya zauna a kai, don kada ta manta wanda ta taɓa. Layin yana nan, sai dai ya rabu biyu, rabin sama ya zarce na ƙasa da kusan faɗin yatsa. Girgizar hanya na iya sassauta noti, wannan ta sani. Amma girgiza ba ta da haƙora, kusurwoyin notin nan kuwa duk a gwaigwaye suke, irin cin da sifanar da ta yi wa noti yawa take yi.

Ta miƙe a hankali. "Kashe ta. Malam direba, ara mini sifanarka."

"Ga naku nan cike da bango, Injiniya."

"Taka nake so."

Ya daɗe yana lalube a ƙarƙashin kujera kafin ya miƙo mata. Lamba goma sha takwas ce, notin kuwa sha bakwai. A cikin bakinta ga ɗan ɓurɓushin ja nan yana ƙyalli.

Ta ɗaga ta sama yadda zai gani. Bai duba ba, takalminsa yake kallo.

"A ina kake tsayawa ka kwance shi?"

"Bayan gidan man can," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kaɗan nake murɗawa. Na farkon dai wallahi ba ni ba ne."

"To na biyu da na uku aljanu ne?"

"Ni ne." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Na yi ta tunanin abin da zan ce in na zo haka kawai, na rasa. Mutum ba ya shigowa gareji da lafiyayyar mota."

Wani abu mai ɗumi ya taso mata daga ƙirji zuwa kunnuwa, ta rasa ko haushi ne ko wani abin daban. Ta zaɓi haushin, don shi ta fi iya riƙewa.

"Dizal a kan inji mai zafi? Da ta kama da wuta fa? Kwana tara ina zargin hannuna. Maigidanka na shirin kwashe motocinsa, mutane na shirin cewa dama ai mace ce. Duk don ka rasa yadda ake yin sallama?"

Baba ya yi gyaran murya. "Ni dai da nake neman uwarki, agogona na riƙa kai wa wanta gyara. Amma ban taɓa zuba wa kowa mai a ƙasa ba."

"Baba, don Allah."

Wayar ta sake ruri. Ta ciro ta tana kallon sunan. In ta faɗi gaskiya, an kori Sannu-Sannu. In ta rufa masa asiri, sunanta ne zai ɓaci. Tana cikin wannan sai ya miƙo hannu.

"Ba ni wayar."

Ya kara wayar a kunne ya juya musu baya. "Ranka ya daɗe, ni ne. A'a, aikinta lafiya lau yake. Ni na kwance... Eh, da hannuna. Sau biyu." Ya saurara, wuyansa na ƙara lanƙwashewa. "Dalilin... ranka ya daɗe, dalilin ba ya faɗuwa a waya."

Daga inda take tana jiyo faɗan mai motocin kamar rediyon da tasha ta ɓace masa. An daɗe kafin Sannu-Sannu ya dawo mata da wayar.

"Ya ce gobe zai ji da ni. Ya ce kuma jibi motoci biyu na zuwa juyen mai."

Ta sa sabon noti da sabuwar washa, ta ɗaure da lamba sha bakwai har inda Baba ya koya mata a tsaya. Ta sake barbaɗa hoda, aka tayar da mota, suka tsaya su biyu suna kallo. Minti goma farin bai canza ba. Ta buɗe kwalbar jan farce ta ja layinta, wannan karon mai kauri, yadda ko daga ƙasa za a hango shi.

Ya sauke murfin injin ya kulle, ya tsaya yana murza makulli a hannu.

"Sifanata fa, Injiniya?"

Ta dubi sifanar, ta je bango ta rataye ta a ƙusar da babu komai, tsakanin nata.

"Ba a barin makami a hannun mai laifi. In kana so, ka zo ka karɓa ranar da ba ka aiki." Ta sunkuya tana wanke hannu a bokiti don kada ya ga fuskarta. "Da ƙafa za ka zo."

Motar ta fita daga garejin a hankali, ta bar ƙamshin hoda a bayanta. Baba ya saurari injin har ya ɓace, sannan ya juyo da fuska wajen bango.

"Uwata, ƙusar nan ba ita ce kika hana kowa rataya komai a kai ba?"

"Baba, shayinka ya huce," ta ce.