Ba Ni Ba Ce a Hoton

Shekara talatin da ɗoriya Hajiya Hassana tana sayar da ganda a bakin mayankar Agege, kuma duk wanda ya san wurin ya san muryarta. Da Hausa take ciniki, da Yarbanci take faɗa, in ta yi dariya har masu okada na tsallaken titi sai sun waiwayo. Sai ciwo ya shigo mata ta hannu. Wuƙa ta fara suɓuce mata, daga baya ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, a shekara ta uku harshe ya yi nauyi ya kwanta. Likitoci suka ce ciwon jijiya ne mai ci a hankali, ba shi da magani. Hankalinta kuwa garau yake. Tana ji, tana gani, tana gane komai, amma idanu kaɗai suka rage mata da motsi.

Ɗanta Shafi'i direban danfo ne, ƙaramar bas ta haya, tun asuba yake kama hanyar Mile 2. Matarsa Bushra ce ke jinyar, kuma ba ta gaza ba wajen wanka da juyi da ba da kunu. Sai dai hira ba ta daɗewa da wanda ba ya amsawa. Abokan kasuwa sun yi ta zuwa da farko, su zauna su yi maganarta kamar ba ta ɗakin: "Allah sarki, ko tana jin mu?" Daga baya ƙafa ta ɗauke. Wuni take kwance tana kallon silin, tana jin maƙwabta suna rigima a layin famfo, kuma a kowace rigima tana da abin cewa.

Wata Talata Shafi'i ya shigo da baƙuwa, Dakta Fauziyya, 'yar unguwar ce da ke bincike a wata jami'a. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta dubi tsakiyar idonta, abin da mutane suka daina yi.

"Mama, an ce kin yi firamare, kina karanta boko. Na zo da wata na'ura, aro ce ta mako shida. Zan sa miki hula mai wayoyi, ga baƙaƙe a allon kwamfuta. Za su riƙa walƙiya. Ki kafa ido a kan wanda kike so, duk sanda ya haska ƙwaƙwalwarki za ta ɗan zabura, na'urar ta ji, ta rubuta shi. In kin yarda ki ƙifta sau ɗaya."

Hassana ta ƙifta.

Mako biyu ana abu ɗaya. A shafa mata wani mai mai sanyi a fatar kai, a ɗaura hula, baƙaƙe su yi ta walƙiya har idonta ya kawo ruwa. Ta so ta rubuta "sannu", allo ya fito da tarkacen da ba ya karantuwa. Ta ji kunya irin ta wanda ya buɗe baki a taro murya ta ƙi fita.

"Ba laifinki ba ne, Mama," in ji Fauziyya. "Haske kawai ba ya motsa kowa. Zuciya ta fi zabura a kan abin da ya shafe ta. Bari mu sa fuska ta riƙa bayyana a kan baƙin maimakon haske."

Aka gwada fuskokin mutanen da ba ta sani ba masu murmushi, aka ɗan samu sauƙi. Aka gwada hoton Shafi'i, baƙi biyu cikin biyar suka fito daidai. Sai Fauziyya ta ce wasu sun fi amsawa in suka ga fuskar kansu, ko akwai hoton Mama na ƙuruciya? Bushra ta zazzage tsohuwar akwati ta zo da wani hoto baƙi da fari: budurwa ta kafa ɗauri, tana ƙoƙarin danne dariya.

"Kai, Umma, ashe an yi gayu!" in ji Bushra.

Da fuskar ta fara ƙyaftawa a allo, Hassana ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Fauziyya ta dubi layukan da ke rawa a kwamfutarta ta gyara zama. Baƙi na farko ya fito daidai, na biyu ma, na uku ma. Kowanne sai ya ci kusan rabin minti. Fauziyya tana karantawa a hankali.

"Ba... ni... ba... ce."

Bushra ta dubi hoton, ta dubi surukarta. Wasu baƙaƙe shida suka biyo: USAINA.

Tagwaye ne su. Ranar da aka ɗauki hoton, ɗankwali mai kyau guda ɗaya gare su, suka yi karɓa-karɓa. Hassana ce a bayan mai hoto tana murguɗa baki don ta ba 'yar uwarta dariya. Shekara ashirin da biyu ke nan ba su yi magana ba. Lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, Hassana ta ɗauka zazzaɓi ne, ba ta aika Ikorodu inda Usaina ke aure ba. Usaina ta iso an riga an dawo daga maƙabarta. A gaban masu zaman makoki ta ce, "Kin hana ni ganin uwata." Hassana, mai baki, ta mayar da wadda ta fi ta zafi. Shi ke nan. Gari ɗaya, tafiyar awa biyu, kowa ta kama kanta.

Da wannan fuska Hassana ta yi magana mako uku. Ta ce gefenta na hagu yana ciwo. Ta ce kunun ya cika sukari. Ta ce wa Bushra "na gode", Bushra ta fita tsakar gida ta yi kuka. Amma awa ɗaya ce a rana, in Fauziyya ta naɗe wayoyinta ta tafi sai shirun ya dawo, ya fi na da nauyi, domin yanzu ta tuna daɗin a amsa mata. A mako na biyar ta rubuta wa Shafi'i: JE IKORODU.

Ya je ranar Lahadi. Ya dawo ya zauna a bakin gado yana murza hularsa.

"Umma, na same ta. Mijin ya rasu. Ciwon suga ya taɓa mata ido, ba ta gani sai inuwa. Ta ce za ta zo."

Kwana huɗu Hassana tana shirya magana a zuci. Ta tsara yadda za ta fara, da inda za ta nemi gafara, da inda za ta faɗi yadda uwarsu ta cika.

Ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin a mayar da na'urar, Shafi'i ya shigo riƙe da hannun wata tsohuwa mai lalube da sanda. Hassana ta ga fuskarta ta tsufa a jikin wata. Usaina ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana fuskantar bango.

"Ina take? Hassana, kina ina?"

Fauziyya ta kunna allo. Budurwar hoton ta fara ƙyaftawa, amma hawaye ya rufe idon Hassana, baƙaƙen suka narke. Na'ura ta yi ta zubo tarkace. Bushra ta share mata ido, aka sake, aka kuma sakewa. Bayan kusan rabin awa kalma ɗaya ta fito.

"Ta ce, zauna," in ji Fauziyya.

Usaina ta lalubi gadon ta zauna. Hannunta ya bi zanin har ya sami fuskar, ya shafa goshi da kunci.

"Kin rame," ta ce. Can ta ƙara, "Ke da bakinki ba ya mutuwa. Yau sai ni kaɗai zan yi ta zuba?"

Ta kuwa zuba. Ta ba ta labarin rasuwar mijinta, da 'ya'yan da suka watse Kano da Kwatano, da ɗakin da take wuni ita kaɗai da rediyo. Maganar uwarsu ba ta taso ba. Da la'asar ta miƙe don kada cunkoso ya rutsa da su, ta ce za ta dawo bayan Sallah.

Washegari Fauziyya ta tattara kayanta. Ta bar musu kwali mai baƙaƙe, ta koya wa Bushra nunawa da yatsa ana ƙiftawa, ta yi alkawarin neman a sake ba su aron. Kwalin yana aiki, in Bushra ta samu sarari.

Sallah ta zo ta wuce, damina ta sauka, ƙafar Usaina ta kumbura, ba ta samu zuwa ba. Sai dai duk Juma'a wata maƙwabciyarta tana ɗaukar muryarta a waya ta turo. Bushra takan ajiye wayar a kan matashi kusa da kunnen Hassana ta koma wanki. Saƙon ba ya wuce minti uku. In ya ƙare, Hassana takan jira a zo a sake kunna mata.