Tumatirin Malam Sada a Tsiga

A ranin bana tumatir ya yi wa Malam Sada Yahaya kyau fiye da yadda ya zata. Fadamarsa da ke bayan Danja ta yi jawur, har kwanduna suka yi masa kaɗan. A taron ƙungiyar taimakon juna ta garinsu ne ya ji labarin wasu iyalai kusan talatin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, suna zaune a wani tsohon siton auduga a Tsiga. An ce masara ana ɗan kai musu, amma miyarsu ba ta wuce kuka da gishiri. Nan take ya yi alkawarin kwando goma sha biyu.

Niyyarsa ya ɗebe ranar Laraba ya kai da kansa. Almustapha, sakataren ƙungiyar, ya taka masa birki.

"Malam Sada, ba haka ake yi ba. Komai ta hannun ƙungiya yake bi. Ranar Asabar Alhaji Sabo zai zo daga Funtuwa, shi ne uban ƙungiya, shi zai miƙa musu."

"Sakatare, tumatir ne fa, ba buhun dawa ba. Ya nuna, ba zai jira Alhaji ba."

"Kwana uku ne kacal. Ka yi haƙuri."

Ya yi haƙurin. Ya bar tumatirin a jikin uwarsa har yammacin Juma'a, yana zagaya gonar yana tsaki. Ranar Asabar da hantsi motar da ya ɗauko ta sauke kayan a ƙofar siton. Almustapha ya riga shi isowa, ya ɗaura wani ƙyalle mai sunan ƙungiya tsakanin sanduna biyu, ya ce a jera kwandunan a ƙarƙashinsa.

"A rana?" in ji Malam Sada. "Ga inuwar darbejiya can."

"Hoto ba ya fita a inuwa. Ƙarfe goma Alhaji zai iso."

Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Matan siton suka fito suka zauna a gindin bango suna kallon kwandunan, ba wadda ta matso. Aka yi azahar. Da Malam Sada ya dawo daga masallaci ya tarar ruwa ya fara tsattsafowa ta gindin kwanduna, ƙudaje sun taru. Ya sa hannu ya laluba cikin ɗaya, yatsunsa suka nutse.

"Kira Alhajin," ya ce wa Almustapha.

Almustapha ya koma gefe da waya, ya daɗe yana "to, ranka ya daɗe, to." Da ya dawo bai iya haɗa ido da Malam Sada ba.

"Wai ɗaurin aure ya riƙe shi a Malumfashi. Ya ce a bari sai Litinin."

"Litinin!" Malam Sada ya cire hularsa ya sake mayarwa. "Wata uku ina ba abin nan ruwa. Ni na yi kwamin ban-ruwa, ni na yi feshi, ni na tsinka. Yanzu in zauna in kalle shi ya ruɓe a gaban masu jin yunwa, saboda wani yana cin shinkafar biki?"

Muryarsa ta tashi har matan suka ɗago kai. Wata dattijuwa daga cikinsu, wadda suke kira Inna Rabi, ta miƙe ta tako a hankali. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗauki tumatir guda ta matsa, ta shinshina.

"Ɗan nan, naka ne?"

"Nawa ne, Inna."

"To daina ɗaga murya, rana na tafiya. Na sama duk lafiyarsu lau. In aka yanka yanzu aka shanya, kauɗa za ta kai mu har damina. A garinmu abin da nake yi ke nan duk rani, kafin a kore mu."

"Inna, ba a miƙa ba tukuna," in ji Almustapha.

"Na miƙa," Malam Sada ya ce. "Ga shi nan, na ba su. Ka rubuta haka a littafinka."

Kafin a jima wuƙaƙe sun fito. Aka share dandamalin simintin da ake shanya auduga a da, mata suka zauna suna tsaga tumatir gida biyu suna jerawa, hira ta ɓarke, har da dariya. Malam Sada ya naɗe hannun riga yana tsame masu kyau. Na ƙasa sun narke. Da aka tattara ruɓaɓɓun, sun kai kwando uku, shi da kansa ya kai su bola, yana tafe yana surutai shi kaɗai.

Bayan la'asar Inna Rabi ta kira shi inuwar darbejiya. Ta ajiye masa kwano: dafaffen rogo ne, an yanka masa tumatir da albasa, an barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da ɗan yaji, ga ruwan randa a moɗa.

"Inna, ku aka kawo wa."

"Tun safe ban ga ka sa komai a baki ba. Ci."

Ya kai loma. Tumatirin da zaƙi, da ɗan tsami, da sauran ɗumin rana a jikinsa. Sai a lokacin ya lura shekara da shekaru yana noma shi yana lodawa a manyan motoci zuwa kudu, amma ya manta rabon da ya zauna ya ci ɗanyensa haka. Ya cinye tas, ya kwankwaɗi ruwan sanyi, ya jingina da itacen. Na ɗan lokaci ba ya tunanin kowa. Almustapha na tsaye a gefe yana naɗe ƙyallensa. Inna Rabi ta zuba masa shi ma, ya tsuguna ya karɓa.

Ranar Litinin Alhaji Sabo ya zo. Malam Sada bai je ba, yana gona. Labari ya same shi cewa Alhaji ya tsaya a gefen shanyar an ɗauke shi hoto, ya yi jawabi, ya tafi. Kwana biyu bayan haka Almustapha ya zo har fadama da takarda a hannu: shugabannin ƙungiya na gargaɗinsa kan raba kaya ba tare da izini ba.

Malam Sada ya karanta sau biyu. Ya yi tsaki ya cusa takardar a aljihu.

"Tunda ka zo," ya ce, "kama mini kwandon nan mu ɗaure a bayan babur. Attaruhu ne. Inna Rabi ta ce ba su da shi."