Abin da Ya Kai Kafinta Hawa na Huɗu

A kan matakalar ƙarshe ta hawa na huɗu muka tarar da Kafinta, ya jingina da bango, hannunsa dafe da ƙirji. Ni da matarsa muka fara isowa. Ƙofar da ke gabansa ta malamar makaranta ce, wadda mijinta ya rasu bara.

"Me ya kawo ka nan, Baban yara?" in ji matarsa. Shi take tambaya, amma ƙofar take kallo.

Allah Ya gafarta mini, tambayar da ke raina ke nan. Ɗakinsa a ƙasa yake, daura da nawa. Mako uku ina hango shi kowace hantsi yana hawa, ya jima, ya sauko yana sharce gumi. Shekara arba'in ina karantar da haramcin mummunan zato, sai ga shi na ba shi masauki a zuciyata.

Da matarsa ta sauka neman mota, na ɗora kansa a cinyata.

"Maƙwabci, tsakaninka da Mahaliccinka, akwai wani haƙƙi a bayan ƙofar nan da zan sauke maka?"

Ya yi yunƙurin dariya. "Haba Malam, har da kai? Horo nake yi."

"Horon me?"

"Wancan karon da na faɗi, likita ya ce ƙananan ciwon ƙirjin da suka riga zuwa sun taimake ni. Wai in jini ya ɗan yanke wa zuciya ya dawo, sai namanta ya yi shiri, babban ya zo bai cinye ta ba. Shi ne nake hawa har sai ƙirjin ya murɗa, in huta, in sauko."

"Likitan ne ya umarce ka?"

"Ina! Ko guduma ya hana ni ɗagawa. Shi ya sa na ɓoye wa uwar yara."

Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa da kyar. Kafin mota ta iso rai ya yi halinsa.

Da matarsa ta dawo, na isar mata da maganarsa ban rage harafi ba. Ta saurara, idonta a bushe.

"Malam, ku maza kun iya rufa wa juna asiri."

Ni ma ɗazu na fito daga irin zargin da take ciki. Muna cikin haka sai muka ji taku. Malamar ce ta taso daga aiki, rungume da littattafan ɗalibai, alli duk a yatsunta. Ta ja ta tsaya.

"Innalillahi! Wane bawan Allah ne wannan? A gidan nan yake?"

Matar Kafinta ta daɗe tana dubanta. Sannan ta durƙusa a hankali, ta warware mayafinta, ta lulluɓe fuskar mijinta, tana gyara gefen kamar mai gudun kada ya ji sanyi.