Fuskar Malamar Lissafi

Fuskar ta fi tsayin mutum. An manna ta a gilashin wani shagon mayukan shafawa, daidai inda motocin haya ke sauke fasinja, kuma sau biyu aka buga ta, gefe da gefe. A ta hagu, tabon ƙuna ya taso daga kunne ya gangaro har wuya, kamar yadda yake a jikin mai shi. A ta dama an goge tabon tas, fata sumul kamar ɓararren ƙwai. Saman ta hagu an rubuta KAFIN, saman ta dama BAYAN SATI SHIDA.

Mai Hoto ta sauko daga mota da jakar kyamara a kafaɗa, ta ɗaga kai, sai ta tsaya cak. Wani ya bangaje ta ya wuce yana mita, ko ji ba ta yi ba. Ta san hasken nan da ya kwanta a kuncin matar, ita ta ja labule ta bar shi ya shigo. Ta san baƙin ƙyallen da ke baya, har da 'yar tattarar da ke gefensa, wadda kullum take cewa gobe za ta sa mata dutsen guga.

Shekara biyu ke nan da ta buɗe ɗakin hotonta a saman bene, bisa shagon wata mai ɗinki. Ɗaki ɗaya ne, da babbar taga, da kujera, da madubi, da sakata mai ƙarfi. Mata kawai take ɗauka. Da farko yayyenta dariya suka yi mata, wai a zamanin da kowa ke da waya a hannu, wa zai hau bene don hoto, sai dai mai neman motsa jini. Amma mata suka hau. Mai ciki wata takwas ta hau tana haki. Wadda gashinta ya zube bayan doguwar jinya ta hau, ta cire ɗankwali a gabanta. Alkawari ɗaya take yi wa kowacce kafin ta sa sakata: "Hotonki naki ne. Ba mai ganinsa sai wanda kika nuna wa."

Wadda ke jikin gilashin malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata. Sai da ta zo sau uku kafin ta yarda ta zauna a kujerar. Tana 'yar shekara tara risho ya fashe da ita, tun daga nan ba ta taɓa ba wa kyamara kuncinta na hagu ba. Ranar zuwanta na uku ta juya shi wajen taga da kanta, ta ce, "Ƙanwata, shekara talatin ina ɓoye shi. Ɗauke shi yau in ga abin da mutane ke gani."

Mai Hoto ta tura ƙofar shagon. Muryarta ta fito kamar ta aro.

"Wa ya ba ku hoton nan?"

Mai jiran shagon tana jera kwalabe, ba ta ko waiwayo sosai ba. "Kamfani ne ya kawo shekaranjiya. Duk rassanmu huɗu an manna."

"Matar nan ba ta taɓa shafa man nan ba."

"Baiwar Allah, ni dai sayarwa aka ce in yi."

Rassa huɗu. Ta fito ta tsaya a rana. Ba sai ta yi dogon tunani ba. Wayarta a kulle take, kwamfutarta ba ta fita ɗakin. Wuri ɗaya ne kawai hotunanta ke zuwa, domin har yanzu ba ta mallaki injin buga manyan hotuna ba. Wurin mutumin da ya koya mata sana'ar take kaiwa, aminin mahaifinta, wanda ya fara ɗora mata kyamara a hannu tana 'yar sakandare. Baba take ce masa.

Ta same shi yana yanka gefen wasu hotunan fasfo da almakashi, tabarau a tsinin hanci. Ta miƙa masa wayarta da hoton gilashin a kai. Tana fata ya firgita, ko ya yi rantsuwa, ko ya ce sata aka yi. Sai ya matsar da wayar nesa da idonsa, ya gyaɗa kai.

"Ashe har sun manna. Kin ga yadda ya fita kuwa? Haskenki ya zauna, 'yata. Na faɗa miki kina da ido."

"Baba, kai ka ba su?"

"Fuska mai tabo suka zo nema, na ce ina da ita. Mene ne a ciki? Ba suna, ba adireshi. Kuma ai gyara ta aka yi. In ta gani ma, ƙila ta ji daɗi."

Ta karɓe wayarta ta ajiye a kan teburin. Mutumin nan ne ya taɓa hana ta abincin rana saboda ta ɗauki hoton wani mai barci a benci ba da saninsa ba. Ta dube shi, furfurarsa dai ita ce, muryarsa ma ita ce.

"Sauran fa?"

Almakashin ya tsaya.

"Baba, sauran matan. Ka nuna musu?"

"Sun dai dudduba," in ji shi, yana kallon takardar da ke hannunsa. "Dole su duba kafin su zaɓa. Wannan kaɗai suka ɗauka."

Ta tuna mai cikin nan, da wadda ta cire ɗankwali. A ranta ta ga baƙin maza tsaye a bayan wannan teburin, suna cewa wuce wannan, koma waccan. Ba ta yi ihu ba. Ta zagaya ta zauna a kujerarsa, ta goge duk abin da ke ɗauke da sunanta a kwamfutarsa, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsaye a kanta yana cewa yaran yanzu ba su san ana barin halal don kunya ba. Da ta gama ta miƙe ta fita ba sallama. Ta san abin da ta yi ihu ne bayan hari.

A hanya zuciyarta ta yi ta ba ta shawara. Malamar ba ta bin wannan titin. Talla ce, wata ɗaya rana ta cinye ta a cire. In ta yi shiru, benenta na nan, matanta na nan. In ta yi magana, kafin sati ya zagayo ba mai sake hawa. Tana cikin wannan lissafin ta ga kanta a ƙofar makarantar.

Ta jira a ƙarƙashin bishiya har aka kaɗa ƙararrawar tashi. Malamar ta fito da littattafai a ƙirji, alli a yatsunta, ta yi murmushi da ta gan ta.

"Ƙanwata, lafiya? Kin yi fari fat kamar wadda ta ga sakamakon jarrabawa."

Mai Hoto ta faɗa mata duka, ba ta rage komai ba, har da rassa huɗun. Murmushin ya ɗauke a hankali. Hannun malamar ya tashi da kansa ya rufe kuncinta na hagu, ya bar farin alli a kan tabon. 'Yan mata na wucewa suna gaishe ta, ba ta amsa ko ɗaya ba.

"Ɗalibaina da yawa a can suke hawa mota," ta ce can. Sannan ta sauke hannun. "Kai ni."

Da suka sauka daga mota, malamar ta tsaya a gaban gilashin, mutane na ratsa ta hagu da dama. Mai Hoto ta zaci ta hagun za ta kalla. Ko kallo ɗaya ba ta yi mata ba. Ta daman ta ƙura wa ido, fuskar nan mai sumul, har leɓenta ya soma motsi ba sauti.

"Anti," in ji Mai Hoto, "ki ce wani abu, ko zagi ne."

"Wannan ba ni ba ce." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Mahaifiyata ce. Wallahi ita ce, har yadda take ɗaga gira. Shekara ashirin da rasuwarta, ba mu da hotonta ko ɗaya."

Ta ajiye littattafanta a ƙasa, ta sa farce a kusurwar takardar, ta ja. Ƙarar yagewar ta fito da mai jiran shago a guje, amma malamar ta yi mata irin kallon da take yi wa aji mai surutu, sai ta koma ciki tana laluben waya. Malamar ta raba takardar biyu daga sama har ƙasa. Ta hagun ta miƙa wa Mai Hoto. Ta daman ta naɗe ta a hankali, tana lallaɓa gefen kada ya karye.

"Yayata zan kai wa wannan. Kada ki ɗauka na yafe, ban kai can ba tukuna. Gobe za mu je sauran rassan, sannan kamfanin, kuma ke za ki yi magana." Ta ɗauki littattafanta. "Mata nawa ne hotunansu suka je wurin mutumin?"

"Arba'in da bakwai."

"Har da ni?"

"Har da ke."

"To saura arba'in da shida. Kina da lambobinsu?"

Mai Hoto ta gyaɗa kai.

"Kada ki kira su a waya," in ji malamar. "Ki je da ƙafarki."

Mota ta tsaya, malamar ta shiga, takardar a tsaye tsakanin gwiwoyinta. Mai Hoto ta daɗe a wurin da rabin da aka bar mata a hannu. Sannan ta buɗe jaka ta ciro littafin da take rubuta sunayen masu zuwa, ta buɗe shafin farko. Ta farkon, gidanta ba nisa. Ta tsallaka titi.