Tikitin Dawowa Daga São Paulo

Ranar ashirin da huɗu ga Janairu, Eulogia Ticona ba ta buɗe rumfarta ta mayafan ulu a titin Sagárnaga ba. Ƙarfe goma ta gangaro dandalin cocin San Francisco, inda aka baje kayan bikin Alasitas: benaye da za su zauna a tafin hannu, motocin haya kamar kwalin ashana, takardun digiri da ba su kai ɗan yatsa ba. Kowa a La Paz yakan sayi ƙaramin abin da yake so, a yi masa turare da sha biyun rana daidai, sannan ya jira babban.

Ita ta san abin yana ci. Shekara bakwai da suka wuce, a nan ta saya wa 'yarta Nilda ɗan akwati da fasfo. Kafin damina ta ɗauke, yarinyar ta tafi São Paulo aikin ɗinki. Tun daga lokacin sai murya a waya.

Bana tikitin jirgi take nema. Ta bi tebur-tebur tana karantawa. La Paz zuwa Madrid. La Paz zuwa Buenos Aires. La Paz zuwa São Paulo. Duk na fita ne.

"Babu na dawowa?" ta tambayi wata mai tebur.

"Wa zai saya, uwata? Ɗauki na Madrid, ki huta da hawan tudu."

Sha ɗaya saura kwata ta shiga shagon Anselmo Callisaya a bayan kasuwa. Shi ke buga waɗannan ƙananan takardu da tsohon injin hannu, kuma shi ya tsaya wa Nilda a matsayin uba ranar baftisma.

"Doña Eulogia! In ɗan zakaran biki kike nema don ki samu miji, suna can ƙasa. Ni ba na buga maza."

"Na binne ɗaya, ya ishe ni. Tikiti nake so, Don Anselmo. Daga São Paulo zuwa nan."

Ya ɗaga tabarau ya dube ta. "Shekara talatin ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa cewa in juya masa jirgi."

"To yau ka samu. Ko hannun ya tsufa ne?"

Ya kwance haruffan ƙarfen daga mazauninsu, ya musanya sunayen garuruwan biyu, ya jera sunan Nilda a ƙasa harafi bayan harafi. Eulogia tana duban agogon bango.

"Wace rana zan sa?"

Ba ta yi wannan tunanin ba.

"Tikiti babu rana, ai ko direban bas ba zai karɓa ba," in ji shi.

"Sa bana kawai."

Ya danna injin sau ɗaya. Da ta kai hannu ga jakarta, ya ture.

"Ajiye. Kin san wanda aka ba mutum kyauta ya fi ci. Yi sauri, kar ƙafafun nan naki su jawo mini asarar tawada."

Dandalin ya cika, ga yayyafi. Baƙi masu kyamara sun hau matakalar coci suna ɗaukar hoto. Ta kutsa har gaban wani tsoho mai turare, ta miƙa tikitin. Ya kewaya shi cikin hayaƙin kaskonsa, ya yayyafa masa giya da furanni, ya kira sunan Nilda sau uku. Ƙararrawar coci ta buga sha biyu takardar tana hannunsa. An yi a kan lokaci.

Ta raɓe jikin bangon dutse ta kira Nilda a waya. Can ma hayaniya ce da kiɗa.

"Mama! Kina ji na? Mu ma muna Alasitas a nan, 'yan ƙasarmu sun cika fili. Mijina ya saya mini gida, har da takardarsa!"

"Gida a ina?"

"A nan mana, Mama. Ɗaki uku. Ɗaya naki ne, in kin yarda kin zo."

"An yi masa turare?"

"Tun ɗazu. Kin manta agogonmu ya riga naku da awa ɗaya?"

Eulogia ta dubi tikitin. Tawadar ba ta gama bushewa ba, ta ɓata mata babban yatsa. Lokacin da aka yi wa gidan turare, ita tana tsaye a shagon Anselmo ana jera haruffa.

"Ke me kika saya bana?" Nilda ta tambaya.

"Ɗan sukari da taliya. Kamar kullum."

"Kai, Mama, ba kya canzawa."

Yayyafin ya ƙaru. Masu tebura suka fara ja wa kayansu leda.

"Ɗakin nan nawa," in ji Eulogia, "yana da taga?"

"Bari in duba, yana cikin jaka."

Ta ji ana kwance leda a can, wani yana dariya yana magana da yaren da ba ta ji. Ta matsa ƙarƙashin ƙofar coci, wayar a kunne, tana jira.