Ƙamshin da Ya Sake Wuri

Shekara uku ke nan da idon Malam Nata'ala ya rufe, amma bai taɓa yarda a ja shi a cikin gidansa ba. A waje dai, in za shi Masallacin Koudoukou, yakan dafa kafaɗar maƙwabcinsa Alhasan kamar masu hira. Amma a ce mutumin da ya ci kasuwar goro daga Damagaram har Ubangi, matarsa ce za ta kai shi bayan gida? Haba! Ya rantse gara mutuwa.

Matar tasa Hureira ce ta samo dabara. Ta dasa ɗoɗɗoya a ƙofar ɗaki, lalle a bakin zaure, a ƙofar bayan gida kuma ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemo da wata maƙwabciya 'yar ƙasa ta ba ta. Ƙasar Bangui kuwa ba ta rowa, ko sanda ka kafa sai ta yi toho. Malam yakan fito ya buɗe hanci, ya shafa ganye, ya wuce abinsa tsaf. Wanda bai sani ba ya rantse yana gani.

To amma wa ke noman? Wa ke jan guga da rani, wa ke yanke toho da damina? Ita ce, da gwiwoyin da suka daina jin magana. Wallahi ta gaji, gajiyar da barci ba ya wankewa.

Ana nan sai ga duba-gari na Nasara, su biyu da gajeren wando, suna bin gidajen unguwar Kilomita Biyar. Suka leƙa randa, suka zagaya tsakar gida. Babbansu ya nuna shuke-shuken da bulala, ya ce da yaren Sango duk maɓoyar sauro ne, a sare kafin jibi, in ba haka ba a tasa maigida zuwa ofis.

Ta kwana biyu tana juya maganar, ta kasa gaya wa Malam. Ta ina za ta fara?

Ranar da wa'adi ya cika, yana barcin rana, ta ɗauki adda. Ɗoɗɗoya ba ta yi gardama ba. Lallen ya sa ta gumi, furensa na zubo mata a ɗankwali. Ciyawar shayi ta yayyanka mata hannu, ƙamshinta ya gume gidan fiye da kullum. Ta rungumo ta za ta kai juji, bayanta ya ce bai san zancen ba. Sai ta zube ta a bakin rijiya, ta ce anjima. Ta zauna kan turmi tana haki, har da 'yar ajiyar zuciya, don ko ba komai an rage mata aiki. Ta ji kunyar wannan tunani.

Aka kira la'asar. Malam ya fito da buta, sandarsa a hammata. Ya miƙa hannu inda ɗoɗɗoya take, ya damƙi iska. Ya ɗan tsaya. Sai ya ɗaga hanci, ya samo ƙamshin da ya sani, ya bi shi da saurinsa na kullum.

"Malam, tsaya! Rijiya!"

Ya ƙame. Babban yatsansa na kan itacen bakin rijiyar. Butar ta suɓuce, suka ji faɗawarta can ƙasa.

"Wa ya matso da bayan gida nan?" ya tambaya a hankali.

"Duba-gari suka sa na sare, Malam. Duka."

"Har lallen?"

"Har shi."

Ya daɗe tsaye, iska na kaɗa rigarsa. Hureira ta so ya yi faɗa, ko zagi ne, ya fi mata sauƙi. Bai yi ba. Sai ya juya sandarsa, ya miƙo mata bakin.

"Zo ki ja ni," ya ce. "Na matsu."